Faifan da Na Saya wa Hamma Buba a Ostiriya

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ofis, a masallacin layinmu na Shagari Low Cost, har wurin mai shayi, kowa sai ya ce, "Malam Sali, yaya ƙasar Turawa?" In na ce lafiya lau, a ce ina rowar labari. In na fara, wani ya katse ni da tambayar ko da gaske ne shanunsu ba su da tozo. To ga shi na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa. Amma in faɗa muku tun yanzu, rabin labarin ba na shanu ba ne, na wani faifan fim ne da na saya ban ga abin da ke cikinsa ba.

Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, na daɗe ina bin rugage da allura. Wata ƙungiya ce ta zaɓi mutum biyu a ofishinmu, ni da Madam Rifkatu 'yar Numan, mu je Ostiriya mako uku mu ga yadda ƙananan makiyaya suke tara madara su sanyaya ta ba ta lalace ba. Ana gobe za mu tashi, na je Yolde Kohi yin sallama da yayana, Hamma Buba.

Hamma ya girme ni da shekara goma sha biyu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da can yana garinmu na gindin duwatsu, arewa da nan, da shanunsa da gonarsa. Shekarar da aka yi gudu, mutanen daji masu bindiga suka shigo garin, wani maƙwabcinmu ya shige gaba yana nuna musu gidajen da ke da samari. Suka tafi da ɗan Hamma na fari. Bayan 'yan kwanaki labari ya zo cewa yaron ya ƙi abin da suka ce ya yi, sun kashe shi. Hamma da matarsa, Adda Fanta, suka taka da ƙafa har Gombi, daga nan mota ta kawo su wurinmu. Bai koma ba, bai kuma sake riƙe sandar kiwo ba. Abu ɗaya ya koya a birni, kallon fim. Ya sami wata tsohuwar na'urar dibidi, ya tara faifai cike da kwali. Ba ya kallon na soyayya, ba ya kallon na barkwanci, sai wanda aka kashe wa mutum nasa ya tashi ramuwa. Na Indiya ne, na China ne, ba ruwansa da yaren.

Mun daɗe muna cewa gara hakan da zaman tagumi. Sai wata huɗu kafin tafiyata maƙwabcin nan ya ɓullo a Jimeta. An ce ya tuba an sake shi, ga shi yana kasa albasa a bakin kasuwa. Tun ranar da Hamma ya gan shi, kullum bayan azahar sai ya sa hularsa, ya hau keke, ya je ya zauna a bencin wani mai gyaran takalmi daidai gaban albasar, har la'asar sakaliya. Ba ya saye, ba ya magana, kallo kawai. Adda Fanta ta kwashe wuƙaƙen gidan ta kai maƙwabta, in za ta yanka kuɓewa sai ta tsallaka can.

Ranar da na je, ta tare ni tun a zaure. Ta ce, "Sali, ka masa magana. Mutumin nan ba ya ci, ba ya barci. Yaro ya tafi, in shi ma ya tafi gidan yari ni ina zan sa kaina?"

Na ce zan yi. Amma ta ina ƙane zai fara? Na shiga muka gaisa, na faɗa masa ranar dawowa, ya yi mini addu'a. Har na miƙe sai ya ce, "Can ɗin ma suna yin fim?"

Na ce, "Suna yi, Hamma."

Ya ce, "To ka kawo mini ɗaya. Na ramuwa. Na mutanen wurin, ba na Amurka ba. Ina so in ga su yaya suke yi."

Tun da nake, Hamma bai taɓa roƙona ko goro ba. Na ce to, na fito.

Daga Yola jirgi ya kai mu Abuja. Ta taga na ga kogin Binuwai kwance, kwalekwale a kanta kamar ƙwayar shinkafa a faranti, sai gajimare ya rufe. Daga Abuja muka yi doguwar tafiya, muka sauka wani babban filin jirgi muka jira wani jirgin, inda na yi barci a zaune na farka ban san ko safiya ce ko yamma ba. Daga wannan barcin, gaskiya, ban gama farkawa sosai ba har na dawo gida. Duk abin da zan ba ku labarinsa, haka na gan shi, kamar ta bayan labule mai shara-shara.

A Vienna mai duba fasfo ya kalle ni, ya kalli hoton, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce shanu. Ya ɗan yi murmushi ya buga hatimi. Na ɗauka an gama, ashe kare ne babban jami'in iyakar. Wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata, cikin ladabi, ya ƙi tashi. Wata ma'aikaciyar kwastan ta ce in buɗe. Uwargidana Dija ta cusa mini galan ɗin man shanu da ƙunshin kilishi in kai wa masu masauki, don ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Matar ta sa safar hannu, ta ɗauke su da yatsa biyu, ta ce nama da kayan madara ba sa shiga ƙasarsu. Ta jefa a wani kwando, ta ba ni takarda, har da godiya.

Madam Rifkatu ta bari sai da muka fito sannan ta fara. Ta ce, "Oga Sali, kai fa kake koya wa mutane dokan nan a wokshop. Likitan shanu guda, kare ya kama shi." Nata yajin kuwa ya wuce lafiya, don kare bai kula shi ba. Har muka dawo, in na yi gardama da ita, sai ta ce za ta kira karen.

Muka shiga jirgin ƙasa. An ce zai tashi tara da minti bakwai, ni kuma na yi dariyar minti bakwai ɗin, sai ga shi ya tashi ina cikin dariyar. Na yi wa mutanen da ke kusa sallama da hannu, wani tsoho ya gyaɗa kai ya koma kan jaridarsa, shi ke nan gaisuwar ta ƙare. A motar Yola zuwa Mubi kafin a kai Song ka san sunan kowa da cutar da ke damun surukarsa. Nan kuwa awa uku ba wanda ya yi tari. Na jingina da taga ina gyangyaɗi. In na buɗe ido sai in ga duwatsu, irin na garinmu sak, sai dai kamar an wanke su an shanya. In na rufe ido sai in ga Hamma a kan benci. Haka na yi ta shiga ina fita har muka isa.

An sauke mu a gidan wata tsohuwa mai kiwo, sunanta Gertrud, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni. Kwana biyu na mayar da ita Goggo Trudi, ta kuma karɓa. Tana jin Turanci daidai gwargwado. Tun ba mu ajiye jaka ba ta ce mana shanunta goma sha takwas ne. Na sunkuyar da kai don kunya. A wurinmu ko ɗanka ba ka faɗa wa yawan shanunka, wanda ya tambaye ka kuwa neman faɗa yake. Ita ko har da sunayensu ta jero, kowace da takardarta a cikin fayil, ta fi wasu ma'aikatan ofishinmu cikar takardu. Kuma e, ba su da tozo. Bayansu a shafe yake, ƙahon ma ɗan kaɗan, amma hantsar sai ka tausaya musu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ba mai bin shanun. Wata siririyar waya mai lantarki aka zagaye makiyayar da ita, shanun suna ciki su kaɗai, kowace da ƙararrawa a wuya. Na taɓa wayar don in gane ko da gaske ne, na gane. Da yamma in an gama darasi a wurin tara madara, sai in hau bayan gidan in zauna. Lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara, haske ya yi ta jan ƙafa kamar baƙon da ya yi sallama ya ƙi tafiya. Ƙararrawar nan tana tashi daga nan, ta amsa daga can, ba mai kaɗa ta sai cin ciyawa. Ina zaune sai in ji kamar ina da shekara takwas, ina bin Hamma a gindin dutse, yana tafe da sanda a kafaɗa yana kiran shanu da sunansu suna ɗago kai. Na yi kewar wannan Hamman ƙwarai, har hawaye ya zo mini ba sau ɗaya ba.

Abinci kuwa, daren farko aka kawo burodi mai tauri da cuku da tumatir, duk da sanyinsu. Na jira a kawo tuwon, ba a kawo ba. Na ce wa Rifkatu ko mun yi wa tsohuwar laifi ne. Ashe haka suke, wuta sau ɗaya ake hurawa, da rana. Da ranar ma wasu dunƙule-dunƙule ake jefawa a romo, kamar an yi niyyar fura aka fasa. Yajin Rifkatu ne ya cece mu. Amma in faɗi alherin Goggo Trudi. Da ta ji ba na cin alade, ba ta ce komai ba, ta shiga mota ta je gari ta sayo sabuwar tukunya da sabon kasko, ta ɗaura musu jan zare, ta ce waɗannan nawa ne.

Maganar faifai kuwa na yi ta ɗaga ta. A mako na biyu na kira gida, Adda Fanta ta ce mai albasa ya sauya wuri ya koma bayan 'yan tumatir, Hamma ya bi shi can, yanzu a kan dutse yake zama. Ta ce, "Jiya bai dawo ba sai magariba. Na tambaye shi, ya ce hanya ne ya cushe."

Na faɗa wa Rifkatu komai, don ita ma danginta sun ga nasu a shekarun nan. Ta ce, "Ka saya masa agogo, ka ce ba su yin irin fim ɗin. Wa zai zo nan ya bincika?" Na ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma Hamma ya san fuskata tun ina cikin zane. Dabarar da na yanke ita ce in nemo fim ɗin da mai ramuwar zai fasa a ƙarshe, ko ya yi ya ƙare a wulaƙance. Abin da bakina ya kasa faɗa, faifai ya faɗa masa. Na tambayi Goggo Trudi ko suna da finafinan kisa. Ta yi dariya ta ce ai ba su da wasu. Ƙasar da za ka bar keke a bakin hanya ka dawo ka same shi, amma kowane mako sai sun zauna sun kalli yadda aka kashe wani.

Asabar ta ƙarshe muka shiga gari, don ran Lahadi ko allura ba a sayarwa. Da kyar muka sami shagon faifai, a wani lungu, don su ma sun koma kallo a waya. Mai shagon dogo ne, furfurarsa ɗaure a ƙeya. Na ce ina son fim na ƙasar nan, na ramuwa. Idonsa ya yi haske. Ya hau tsani ya sauko da wani faifai a naɗe cikin leda, a bangonsa hoton wani mutum ne da jakar raba wasiƙu, ya ba mu baya, yana tsaye cikin dusar ƙanƙara. Ya ce labarin wani mai raba wasiƙu ne da aka kashe wa ɗa, ya san wanda ya yi, hukuma ta kasa kama shi. Ya ce a ganinsa ba a yi kamarsa ba a ƙasar.

Na ce, "Madalla. A ƙarshe ya kashe shi?"

Mutumin ya ja da baya ya dafa ƙirji, sai ka ce na tambaye shi yawan shanunsa. Ya ce, "Ba zan yi maka haka ba."

Na ɗauka Turancina ne bai fita ba, na sa Rifkatu ta maimaita. Ya ce ya ji sarai. Ya ce in ya faɗa mini ƙarshen, ya sace mini fim ɗin ke nan, kuma shi bai taɓa yi wa mai saye wannan cutar ba.

Ku da kuka san masu faifai na kasuwar Jimeta, ku auna. Kafin ka buɗe baki an ce, "Oga, make I test am," an zura a na'ura, an tura gaba an nuna maka inda bos ya mutu, an faɗa maka wanda ya ci amana tun farko. Wa zai ba da kuɗinsa bai san ko jarumin zai rayu ba? Na ce to a gwada mini. Ya ce ba na'ura a shagon, kuma leda in an yage ta faifai ya zama nawa. Wata mata tana duba kaya a gefe, ta ce ta gani, fim ne mai kyau. Na juya gare ta da murna, sai ta ɗora yatsa a leɓe tana dariya. Rifkatu ta duba a waya, ta sa wayar ta juya Jamusancin. Duk wanda ya yi rubutu a kansa ya yaba, kuma duk sun tsaya a wuri ɗaya, kowa yana cewa ba zai ɓata wa mai kallo ba. Gari guda sun haɗa baki a kan sirrin mutumin da ma babu shi.

Rifkatu ta ce da Hausa, "Ka gaya masa dalili mana. Ka ce akwai ran mutum a ciki."

Na tabbata da na faɗa, da ya faɗa mini. Fuskarsa ta mutanen kirki ce. Na buɗe baki har sau biyu. Amma in tsaya a shagon baƙo, a ƙasar baƙi, in ce yayana da ya rene ni yana shirin kisa? Ba haka aka tarbiyyantar da mu ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na tsaya ina juya faifan, ina kallon bayan mai wasiƙun ko zai juyo in karanta fuskarsa. Cinikin biri a sama ke nan, wanda kullum nake hana makiyaya yi in za su sayi magani. Na ce a raina in na isa gida zan kalla a ɓoye tukuna, in ya yi in kai, in bai yi ba in ce kwastan sun karɓe, ai suna da tarihin karɓewa. Na biya, ya sa mini a 'yar jaka, ya ce zan gode masa.

Goggo Trudi ta raka mu tasha, ta ba ni tukunyar mai jan zare ta ce ba wanda zai yi amfani da ita bayana. Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta, barci na yi ta yi. Zafin Yola ne ya tashe ni a bakin ƙofar jirgi, na ji daɗinsa kuwa.

Dabarata ta rushe tun a ƙofar gida. Ina shiga na tarar da Hamma zaune a falona, shi da ya shekara bai tako Shagari ba. Ya yi mini maraba da Fulatanci, "Jabbama, Sali." Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi shanun wurin, ya saurara da kyau. Sannan ya zuba wa jakar ido. Ba yadda zan yi, na zuge na miƙa masa da hannu biyu, ledar ko ƙwarzane babu. Ya daɗe yana kallon bangon faifan. Ya ce, "Useko, na gode. Gobe bayan azahar ka zo mu gani tare."

Washegari na je. Ba wuta, sai da aka tayar da ɗan inji. Adda Fanta ta zauna a bakin ƙofa da tiren shinkafa tana tsince tsakuwa, ba don shinkafar tana da tsakuwa ba. Mai shagon ya ce akwai rubutun Turanci a ƙasa in an danna, amma rimot ɗin Hamma ya ɓata tun bara, don haka Jamusanci muka sha tsagwaronsa.

Fim ɗin ba ya sauri. An fara da 'yan sanda da karnuka a kan dutse suna tona ƙanƙara, suka tono wata jar hula, suka kawo wa mai wasiƙun a cikin leda. Daga nan sai shekaru. Kullum yana tura kekensa gida gida, kullum sai ya kai wasiƙa ƙofar wani mai otal, su gaisa, ya wuce. Ba duka, ba tsalle, ba waƙa. Sai na ga dama ta samu, na fara fassara daga kaina. Mai wasiƙun ya yi magana da wata tsohuwa, na ce, "Tana ce masa haƙuri maganin zaman duniya." Ya yi magana da wani a coci, na ce, "Wannan yana ce masa a bar wa Allah."

Hamma bai juyo ba. Ya ce, "Sali, sati uku ka yi. Yaushe ka ji yarensu? Yi shiru, ni ina ji."

Kunya ta rufe ni. Muka ci gaba da kallo. Can wajen ƙarshe, wata safiya, mai wasiƙun ya buga ƙofar otal. Mutumin ya buɗe, ya ga abin da ke hannunsa ba wasiƙa ba ce. Ya ɗaga hannu, ya buɗe baki zai yi magana, aka harbe shi. Mai wasiƙun ya gyara jakarsa, ya tura kekensa, ya ci gaba da raba sauran wasiƙun gida gida. Ba wanda ya kama shi, bai yi kuka ba. Sai rubutu ya fara hawa.

Na ɗauko abin nan tun daga wata duniya, na kawo shi da hannuna na sa a gaban mutumin da bai kamata ya gani ba. Ban iya kallon wajen Adda Fanta ba. Masu tambayata ko ya dace mutum ya sayi fim bai gani ba, da a wannan minti kuka tambaye ni, da na ce ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa.

Hamma ya bari rubutun ya ƙare. Ya ce, "Mutumin nan wawa ne."

Na juyo na kalle shi.

Ya ce, "Shekara nawa yana zuwa ƙofansa. Ranan da ya buɗe baki zai yi magana, ranan ya harbe shi. Yanzu wa zai nuna masa wurin?"

Na ce, "Wane wuri, Hamma?"

Ya ce, "Ba ka ga hula kawai suka kawo masa ba?" Ya shafa gwiwarsa, yana kallon allon da ya koma shuɗi. "Ni ko hula ba a kawo mini ba. Wata biyar ina zama a gabansa. Kullum in ce yau zan tambaye shi ina suka sa Sa'adu, in na tashi bakina ya ƙi. Shi kuma in ya ga na motsa, sai ya fara neman hanyan gudu."

Shekara ashirin da ɗaya yaron nan ya yi a duniya, ban taɓa jin sunansa a bakin Hamma ba, don ɗan fari ne. Sai ranar. Adda Fanta ta ajiye tiren a hankali ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Hamma ya ce, "Gobe ka raka ni. Kai ka yi boko, ka iya tambaya."

Muka je bayan azahar. Mai albasar ya rame, ya tsufa fiye da shekarunsa, da kyar na gane shi. Da ya ga mu biyu mun nufo shi, ya miƙe ya taka kashin albasarsa ta watse. Na yi masa sallama, na ce ba faɗa ya kawo mu ba, tambaya ɗaya ce. Na tambaye shi inda suka binne yaron.

Mai albasar ya ce, "Na sani. Bayan dutsen gari, inda rafi ya rabu biyu, akwai tsamiya. Ni suka sa na haƙa." Ya dubi Hamma. "Na juya shi gabas, Hamma. Ba su gani ba, amma na juya shi."

Hamma ya nemi wuri ya zauna a kan buhun albasa. Ya cire hularsa, ya share fuska da ita, ya mayar. Masu tumatir suna ta cinikinsu, wani mai keke yana ta hon a ba shi hanya.

Hamma ya ce, "Mota yana kaiwa wurin, ko sai da ƙafa?"